AMSOSHIN WASIƘUNKU: TSOHON WASAN HARBI DA YA ƘI MUTUWA

A wannan mako mun zaɓo wasiƙu guda uku, dukansu daga kudancin Jihar Kano, biyu daga ƙasar Rano, ɗaya daga Kibiya, kuma duk a kan magana ɗaya suke. Saboda haka za mu haɗa su mu amsa su bi da bi.

Wasiƙa ta farko daga wani dattijo ce, manomi a Tarai ta Ƙaramar Hukumar Kibiya. Ya ce ɗansa ya sa wani wasa a waya mai suna Doom, wanda ba a ganin kome a cikinsa sai bakin bindiga da wasu dodanni. Ya ce an gaya masa wasan ya girmi yaron nesa ba kusa ba. To shi ne yake tambaya, wane ne ya ƙirƙiro shi, kuma me ke cikinsa da har yau ba a gaji da shi ba?

To Baba, mun gode da wannan tambaya. Da ma mutanen Kibiya, ai sunan garinku ma kaɗai ya isa a ce ba za a koya muku zancen harbi ba. Wanda ya gaya maka wasan nan tsoho ne ya faɗi gaskiya. Ana furta sunan da "Dum", ma'anarsa kuwa halaka, ko mummunan ƙarshe. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna id Software, a Jihar Teksas ta ƙasar Amurka, ya fito da shi ranar 10 ga watan Disamba, 1993. Ka ga ke nan ya haura shekara 30. A lokacin babu wayar hannu a ƙauyukanmu, domin sai a 2001 irin wayar da muke riƙewa yanzu ta fara aiki a Nijeriya. Mutanen da suka yi aikin 'yan kaɗan ne, ba su fi a zauna da su a tabarma biyu ba. Fitattu daga cikinsu su ne John Carmack, wanda ya rubuta injin wasan, da John Romero, wanda ya zana yawancin ɗakuna da lungunan kashin farko. Tun a 1992 sun fito da wani wasan irinsa mai suna Wolfenstein 3D, amma Doom ne ya yi tashen da ya sa aka san su ko'ina.

Abin da ya bambanta irin wannan wasa da sauran shi ne, ba ka ganin mutumin da kake juyawa. Kai ne shi. Allon yana nuna maka abin da idonsa ke gani, da hannunsa riƙe da makami a gabanka, kamar yadda maharbi ke ganin bakin bindigarsa da dajin da ke gabansa amma ba ya ganin ƙeyarsa. Labarin wasan kuwa gajere ne ƙwarai. Wai wani soja ne aka tura aiki wajen duniyar Mars, sai masu bincike suka buɗe wata ƙofa bisa kuskure, dodanni suka kwararo, shi kaɗai ya rage. Aikinsa ya nemi makullai masu launin ja da shuɗi da rawaya, ya buɗe ƙofofi, ya kai ga mafita da ransa. Shi ke nan.

Yanzu sai mu zo kan dalilin daɗewarsa. Dalilai huɗu za mu kawo maka, kuma kowannensu manomi da ɗan kasuwa sun san irinsa.

Na farko, yadda aka sayar da shi. Ka san mai kilishi in ya yarda da kayansa, yakan yago ɗan guntu ya miƙa maka ya ce ɗanɗana. To haka kamfanin nan ya yi. Wasan kashi uku ne, kowane kashi da mataki tara. Sai suka saki kashin farko kyauta, suka ɗora shi a kan kwamfutar Jami'ar Wiskonsin, suka ce kowa ya kwafa, ya kuma ba abokinsa, babu laifi. Wanda ya ji daɗi yana son sauran kashi biyun, sai ya aika da dala 40. Da haka wasan ya bi makarantu da ofisoshi hannu da hannu, ba tare da dillali ba. Ya yaɗu har ta kai a 1995 Bill Gates, shugaban kamfanin Microsoft na lokacin, ya fito a wani hoton talla kamar yana cikin wasan, don ya tallata manhajarsa ta Windows 95.

Na biyu, rashin nauyi. Kwamfutocin wancan zamani raunana ne, ƙaramar wayar da ke aljihun ɗanka ta fi su ƙarfi ninkin ba ninkin. Doom yana tashi da ƙwaƙwalwa megabait 4 kacal, alhali wayoyin yanzu suna da ɗari biyar ko dubu na wannan. Kashin da aka raba kyauta kuwa bai kai megabait 3 ba, wato bai kai nauyin waƙa guda da masu turi ke sa muku a memori ba. Yaya aka yi haka? Dabara ce. Carmack ya tsara kowane mataki a shimfiɗe, kamar taswirar gona, sai dai kowane ɗaki an faɗi tsayin daɓensa da na rufinsa. Shi ya sa a wasan na asali babu ɗaki a kan ɗaki, ba a tsalle, ba a ɗaga kai sama. Dodannin ma zane ne kawai a kwance, an zana su ta gaba da ta baya da ta gefe, sai a nuna maka wanda ya dace da inda kake tsaye. Daɗin daɗawa, tun kafin a fara wasa an riga an rarraba taswirar gunduwa-gunduwa, an jera wanda ke gaban wani, saboda kada kwamfuta ta ɓata lokaci wajen zana abin da bango ya tare. Kamar mai sayar da gishiri ne da ya ƙulle kayansa ƙulli-ƙulli tun daren jajiberin kasuwa, in mai saye ya zo sai miƙawa kawai. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, wasan yana da sauƙin koyo amma yana da wuyar ƙwarewa. A nan, Baba, ina so ka tuna da dara. Gurbi 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da kara, wancan da tsakuwa, a jera uku a ci. Yaro zai iya koyon dokarta a yini guda, amma ga dattawa nan a gindin bishiya sun shekara arba'in suna yi, ba su ce sun gama da ita ba. Haka Doom yake. Kowane dodo da halinsa: wani daga nesa yake jifa da wuta, wani sai ya matso yake cizo, wani a sama yake shawagi. Harsashi kuma ƙidayayye ne, wanda ya yi almubazzaranci da shi a farko zai rasa a inda ya fi bukata. Har ma akwai wata dabara, in dodo ya jefi ɗan'uwansa bisa kuskure sai su kaure da faɗa a junansu, mai wayo ya koma gefe ya adana harsashinsa. In an gama mataki sai allo ya nuna maka lissafi: kashi nawa cikin ɗari ka samu, ɓoyayyun ɗakuna nawa ka gano, minti nawa ka ci. Wannan lissafin ne ke sa mutum ya ce bari in sake ko zan fi na jiya. Alal misali, akwai wanda ya ƙetare matakin farko cikin daƙiƙa 9 a 1998, aka yi shekara 20 ana neman wanda zai rage ko da daƙiƙa guda, ba a samu ba sai a 2019, inda wani ya yi shi a daƙiƙa 8. Bugu da ƙari, tun farkon fitowarsa ana iya haɗa kwamfuta har huɗu, mutum huɗu su fafata ko su taimaki juna, abin da ya zama ruwan dare a wasannin yau.

Na huɗu, kuma shi ne babba, masu wasan sun bar ƙofa a buɗe. Tun farko sun ware ɗakuna da hotuna da sauti daban da injin, yadda kowa zai iya zana nasa mataki ya sa a ciki. Sa'an nan a watan Disamba na 1997 sai suka saki asirin rubutun injin ɗin gaba ɗaya, kowa ya gani, a 1999 kuma suka sassauta sharaɗin, kowa ya gyara ya raba. Ku manoma kun fi kowa sanin bambancin irin da za ka ɗebe daga rumbunka ka shuka baɗi, ka kuma sammaka maƙwabcinka, da irin da dole kowace shekara sai ka koma kanti ka saya. Doom ya zama irin gida. Shi ya sa har yau mutane a ƙasashe daban-daban suke zana sababbin matakai dubbai suna rabawa kyauta. Shi kansa Romero ya dawo ya zana sabon kashi mai suna Sigil a 2019, ya ƙara na biyu a 2023. A 2015 wani gidan tarihin wasanni da ke birnin Rochester a Amurka ya sa Doom cikin wasanni shida na farko da ya karrama. Kamfanin da ya yi shi ya shiga hannun Microsoft a 2021, kuma an ci gaba da fito da sababbin Doom a 2016 da 2020 da 2025, amma tsohon bai rasa masoya ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙa ta biyu, daga wani matashi mai gyaran injin ban-ruwa a Rurum ta ƙasar Rano. Ya ce ya ji ana cewa an taɓa kunna wasan nan a jikin tarakta, shin gaskiya ne ko kuwa zuƙi ta malle ce?

To ɗan'uwa, gaskiya ne. Tun da aka saki asirin injin, ya zama wata al'ada a wajen masana kwamfuta, duk na'urar da ke da allo sai sun gwada ko za ta ɗauki Doom. A 2014 wani ya kunna shi a ɗan allon injin buga takardu na kamfanin Canon. A watan Agusta na 2022 kuma, a wani taron masana da ake yi a Las Vegas, wani mutumin Ostareliya da ake yi wa laƙabi da Sick Codes ya kunna shi a allon taraktar John Deere. To amma ba don wasa kaɗai ya yi ba. Taraktocin zamani suna da kwamfuta a cikinsu, kuma kamfani yakan kulle ta, yadda in wani abu ya lalace, ko manomi ya san gyaran, sau da yawa injin ba zai koma aiki sosai ba sai wakilin kamfani ya zo da na'urarsa. Ka duba halin manomin da taraktarsa ta tsaya ana tsakiyar girbi, ga hadari ya haɗo, wakili kuma yana can nesa. Manoman Amurka sun daɗe suna kuka a kan haka. Mutumin nan ya nuna cewa ana iya buɗe makullin, Doom kuwa shi ne shaidarsa. A watan Janairu na 2023 kamfanin ya sa hannu a wata yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman Amurka kan ba su damar gyara, a shekarar kuma Jihar Kolorado ta yi dokar da ta ba manomi haƙƙin gyara injinsa. A Janairun 2025 hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka ta kai kamfanin ƙara a kan wannan magana dai.

Kai da kake kwance injin ban-ruwa kullum a yankin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, ka san wannan karatu. Me ya sa tsohon keken Rali da keken ɗinki na ƙafa da Fijo 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna suka yi tsawon rai a hannunmu? Saboda kowane makaniki na bakin hanya yana iya buɗe su, kayan gyaransu kuma suna nan a kasuwa. Abin da mutane za su iya buɗewa su gyara da hannunsu ba ya saurin mutuwa. Saboda haka shawararmu ga duk manomi ko ƙungiyar manoma da za su sayi sabon inji, kafin a tambayi kuɗinsa a fara tambaya: in ya lalace wa zai gyara, a ina yake, kuma ana samun kayansa a Kano?

Wasiƙa ta uku ita ce mai nauyi. Wani Alhaji ne mai sayar da hatsi a kasuwar Rano ya rubuto. Ya ce yana da yaro ɗan shekara 13 da ke taya shi jiran rumfa, amma yanzu ko mai saye ya yi sallama sai ya maimaita, don idon yaron na kan waya yana harbe-harbe. Ya ce yana tsoron kada wannan abu ya bushe masa zuciya ya zama ɗan ta'adda. Shin ya ƙwace wayar ne, ko yaya zai yi?

Alhaji, a wannan zamani da ƙarar bindiga ta hana wasu yankunan Arewa barci, babu wanda zai ga laifin uban da ya ji tsoro. Kuma ba kai ka fara wannan tsoro ba. Kwana guda kafin Doom ya fito, wato ranar 9 ga Disamba, 1993, Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kan zubar da jini a wasannin yara, abin da ya sa a 1994 aka kafa tsarin rubuta wa kowane wasa shekarun da suka dace da shi. Doom yana cikin waɗanda aka ce na 'yan shekara 17 ne zuwa sama. Ƙasar Jamus ta hana sayar wa yara shi tun 1994, ba ta sassauta ba sai a 2011. Bayan haka, ranar 20 ga Afrilu, 1999, wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar Columbine da ke Kolorado, suka kashe ɗalibai 12 da malami guda a ranar, aka kuma gano cewa masu son Doom ne. Wasu iyalan mamatan sun kai kamfanonin wasanni ƙara, kotu ta kori ƙarar a 2002.

To me masana suka gano? A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana matsayinta cewa irin waɗannan wasanni suna da ɗan alaƙa da saurin fushi da tsiwa, kamar ɗaga murya ko ture ɗan'uwa, amma babu isasshiyar hujjar da za a ce su ne ke sa mutum ya ɗauki makami ya kashe wani. Miliyoyin mutane sun yi wasan, sun girma sun zama likitoci da malamai da 'yan kasuwa. Mu ma nan mun taso muna harbin ƙadangaru da danƙo, muna sassaƙa bindigar kara, ba ta mai da mu 'yan fashi ba. Abubuwan da suka fi kai yaro ga ta'addanci sanannu ne: mugun aboki, shan ƙwaya, zaman banza, da rashin mai tsawatawa.

Amma fa kada a ce mun wanke wasan tas. Akwai jini a cikinsa, akwai hotunan dodanni da alamomin tsafi, kuma waɗanda suka yi shi ma ba su ce na ƙananan yara ne ba. Ɗan shekara 13 bai kai ba. Sa'an nan akwai haɗarin da ya fi kusa da rumfarka, wato cin lokaci da cin kuɗi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka, ta kuma faɗi alamominta: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma abin ya ɗauki kamar shekara guda a haka. Ta kuma ce kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa wannan matsayi. Ta fuskar kuɗi kuwa, ka duba da kyau ko wane wasa ne a wayar. Tsohon Doom ba ya shan data in an riga an sa shi. Amma jikokinsa irin su Free Fire da PUBG da Call of Duty na waya, waɗanda samarinmu suka fi yi yanzu, sai da data, kuma suna tallata riguna da makamai na cikin wasa da ake saye da kuɗi na gaske. Yaron da ke zaune kusa da aljihun ciniki, ka san inda jarabar za ta iya kai shi.

Ga shawararmu. Kada ka fasa wayar, kada kuma ka doke shi a gaban mutane, don in ka yi haka zai koma shagon caji ko gidan gem inda idonka ba ya kaiwa, can kuma wani lokaci har da caca ake haɗawa. Ka zaunar da shi bayan sallar isha'i, ka ce ya nuna maka wasan, ka gani da idonka, gani ya kori ji. In na manya ne, ka sa ya cire, ya sa na ƙwallo ko na tsere ko na lissafi. Ka yanka masa lokaci sananne, ban da lokacin rumfa, da na makaranta, da na salla, da na barci, kuma wayar ta kwana a wurinka. Kuɗin data ya fito daga hannunka, a ƙidaye. In ya kiyaye ka yaba masa, in ya saɓa ka karɓe ta kwana biyu kamar yadda kuka yi alkawari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe, in ka lura yaron yana yawan tambayar yadda aka yi abin, ba yadda ake harbi kawai ba, to kada ka kashe masa wannan. Da yawa daga cikin masu rubuta manhaja a duniya da zana ɗakunan Doom suka fara. A Kano ga masu gyaran waya nan a kasuwar Farm Centre suna cin abinci da wannan ilmi, ga kuma Jami'ar Bayero da ta Wudil suna koyar da ilmin kwamfuta. Wanda ya iya zama awa biyu yana neman ɓoyayyar ƙofa a cikin wasa, zai iya zama awa biyu yana neman inda waya ko injin ya lalace, in an nuna masa hanya.

Jama'a, a nan za mu dakata saboda lokaci. Waɗanda ba su ji tasu wasiƙar ba su yi haƙuri, tana nan a layi. A riƙa rubuta tambaya a taƙaice, a kuma faɗi garin da aka rubuto. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.